Yadda A-Kori-Kura Ta Koyi Kwanan Daji

Ranar 17 ga Disamba, 1922, motoci biyar na kamfanin Citroën suka tashi daga garin Touggourt na ƙasar Aljeriya suka nausa kudu. Ranar 7 ga Janairu, 1923, sai ga su a Tumbutu. Wannan ne karo na farko da mota ta ratsa Sahara daga wannan gaɓa zuwa waccan, kuma jagororin tafiyar, Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, sun koma Faransa ana yi musu kallon jarumai. Motocin nasu tayoyi biyu gare su a gaba, a baya kuwa wani faffaɗan bel na roba ne ke juyawa irin na katafila, ƙirar injiniya Adolphe Kégresse. A wancan zamani kusan kowa ya yarda taya ba ta da ta cewa a rairayi. A ƙarshen 1924 kamfanin ya sake tura guda takwas, kowace na jan tirelarta, suka biyo ta Yamai da Damagaram da bakin tafkin Chadi, suka zarce har Madagaska.

Tafiye-tafiye ne na masu hannu da shuni. Tun kafin a tashi an riga an tura mutane sun jibge fetur da abinci da kayan gyara zango-zango, don haka motar ba ta ɗauke da dukkan guzurinta a bayanta. Ga ta da nawa, ga shan mai, ga bel ɗin da duwatsu ke cinyewa. Wannan hanya ba ta haifar da ɗa mai ido ba. A-kori-kurar da ake ɗora wa tanti da jarkoki da firji a yau domin a shiga daji a kwana, tushenta na wurin wasu mutane ne daban, waɗanda aljihunsu bai kai na mota ta musamman ba, dole suka gyara wadda ke kasuwa.

Babbansu wani hafsan sojan Ingila ne, Ralph Bagnold, wanda aka kai aiki Alƙahira a 1926. Shi da abokansa albashinsu suke tarawa, su jira hutu, su faɗa hamadar da ke yamma da kogin Nilu a cikin ƙananan motocin Ford, da farko Model T, daga baya Model A. Motoci ne na kowa da kowa, ƙafafun baya kaɗai ke ja. Abin da suka fara yi musu shi ne ragi. Duk abin da ba ya tsinana komai sai a kwance shi a ajiye, a bar injin da shasi da wurin zama, sannan kafinta ya ƙera akwatin katako a baya daidai da girman gwangwanayen fetur da za a jera, yadda ba za su yi ta karo da juna har su fashe ba. Wanda ya dubi hotunan waɗannan motoci zai ga a-kori-kura ce tsaf, tun kafin kamfanoni su san akwai kasuwarta a daji.

Matsalolin da suka tarar su ne dai na yau. A zafin hamada lagireto kan tafasa, ruwan ya fice ta bututun amai ya bi rairayi, alhali kowane ɗigo an lissafa shi. Sai suka ja bututun zuwa cikin wani gwangwani mai rabin ruwa da aka ɗaure a gefen mota. Tururi ya shiga ya huce ya koma ruwa, in injin ya yi sanyi lagireto ya zuƙe abinsa. Dabarar ta fara ne a hannun sojojin da suka yi sintiri da Model T a wannan hamada lokacin yaƙin duniya na farko, Bagnold ya ɗora a kai. Duk wanda ya ɗaga bonet ɗin motarsa yau ya ga 'yar robar ruwa kusa da lagireto, aikinta ɗaya da na wancan gwangwani.

Sai kafewa. Mota in ta nutse a rairayi, ƙara mata wuta ƙara haƙa kabarinta ne. A wurin 'yan gwangwan na Alƙahira suka tsinci wasu faifan ƙarfe masu kwarmi, tsawon ƙafa biyar, waɗanda asali an ƙera su ne don rufin ramukan soja. A tone gaban tayar baya, a cusa faifan, direba ya ja a hankali, mutane na turawa, taya ta hau ƙarfe ta sami abin takawa. Tayoyin gaba kuma aka yi musu tsani na igiya da gora. Sannan suka gane abin da har gobe ya fi kowane kayan saye amfani, kuma kyauta ne: rage iskar taya. Tayar da mai faci ya cika wa iska awo 35 domin kwalta, in an sassauta ta zuwa 18 ko 15 sai ta baje, tafinta ya ƙara tsawo, nauyin mota ya rarrabu, ta riƙa tafiya bisa fuskar rairayi maimakon yanka shi. Da wannan suka hau manyan tuddan rairayin da ke iyakar Masar da Libiya a 1929 da 1930, wurin da masana suka ce mota ba za ta taɓa shiga ba.

Sanin hanya ma sai da suka ƙirƙiro masa dabara. Kamfas na maganaɗisu rikicewa yake yi a jikin mota saboda ƙarfe. Bagnold ya ƙera na rana: faifai mai lambobi da siririyar allura a tsaye a tsakiya, direba na bin inuwarta, ana ɗan juya faifan yayin da rana ke tafiya. Mai kula da hanya na rubuta kusurwa da nisan da aka ci, da dare a auna taurari a tabbatar da inda ake. A 1932 suka yi tafiyar fiye da kilomita 9,000 daga Alƙahira zuwa dutsen Uwainat, suka taɓa arewacin Chadi, suka sauka Fashir ta Darfur, suka koma gida. Littafinsa Libyan Sands, wanda ya fito a 1935, labarin waɗannan shekaru ne.

Da yaƙin duniya na biyu ya iso Arewacin Afirka a 1940, Bagnold ya shawo kan Janar Wavell ya ba shi izinin kafa 'yar runduna ta sintiri mai cin dogon zango, wadda aka sani da Long Range Desert Group. Mutanensa na farko 'yan New Zealand ne, da yawansu manoma da suka saba gyaran injin da hannunsu. Motocinsu Chevrolet ne na dakon kaya masu ɗaukar tan ɗaya da rabi, wasu daga wurin dillali a Iskandariya, wasu daga hannun sojan Masar. Aka cire ƙofofi da rufi da gilashin gaba, aka ƙara ganyen sifirin, aka sa tayoyi masu faɗi, aka ɗaure faifan ƙarfe a gefe da gwangwanin tururi a gaba. Rabon ruwan mutum a yini bai kai lita huɗu ba. A Janairun 1941 suka ratsa hamada suka haɗu da sojojin Faransa da suka taso daga Chadi, suka far wa Italiyawa a Murzuk ta kudancin Libiya, ta ɓangaren da ba wanda ya yi tsammanin mota za ta ɓullo.

Akwai wani abu da ya faru da wannan runduna wanda a ganina ya fi duk labaran hare-harensu amfani ga mai shirya mota. A 1941, da motocin farko suka gaji, sai aka ba su Ford masu ja da ƙafa huɗu. A takarda ci gaba ne. A rairayi kuwa sun fi nauyi, suna shan mai kusan ninki biyu, wato nisan da za a iya ci kafin a juyo ya ragu ƙwarai. A 1942 suka koma wa Chevrolet mai ja da ƙafa biyu, guda 200 da aka ƙero musu daga Kanada. Mutanen da ransu ke rataye a wuyan mota sun fifita marar nauyi mai ƙarancin shan mai a kan mai ƙarfin ja, kuma sun yi hakan ne bayan sun gwada duka biyun.

Jarka ma a wannan yaƙi ta bazu. Jamusawa suka ƙera ta a 1937 domin sojojinsu: lita 20, faifan ƙarfe biyu da aka matse aka haɗe da walda, da zane mai kwarmi a jiki don ƙarin ƙarfi da ba mai wurin kumbura in zafi ya taso. Hannu uku gare ta a sama. Mutum ɗaya ya kama na tsakiya, mutum biyu su kama na gefe, ko a riƙa miƙa ta hannu zuwa hannu. Murfinta ba ya neman sifana. Gwangwanayen Ingilishi kuwa sirara ne masu yoyo, fetur mai yawa ya tsiyaye a hanya kafin ya kai ga tanki. Sojojin Ingila da suka ga ta abokan gaba sai suka riƙa tsintar ta a fagen fama suna watsar da tasu, daga bisani ƙasarsu da Amurka suka kwaikwaya. Sama da shekara tamanin ke nan ba a sami abin gyarawa a siffarta ba.

Yaƙi ya ƙare ya bar tarkace mai amfani. Faifan ƙarfe masu huji-huji da Amurkawa ke shimfiɗawa su yi filin jirgin sama cikin 'yan kwanaki, su direbobin Sahara suka yayyanka suka mayar abin fid da mota daga kafewa. Tsofaffin Jeep na soja suka shiga hannun farar hula. A kansu ne Arthur Warn ya fara sana'arsa a Amurka a 1948, kamfaninsa kuma ya fito da winci mai aiki da batir a 1959, wato na'urar da ke naɗe igiyar ƙarfe ta jawo mota daga taɓo. A 1948 ɗin dai Land Rover ta fito, da jikin alminiyam saboda ƙarancin ƙarfe a Ingila. Ita ce ta kai jami'an mulki da likitocin dabbobi da ma'aikatan safiyo ƙauyukan da lori ba ya zuwa. Ɗalibai shida na jami'o'in Oxford da Cambridge suka tuƙa guda biyu daga Landan a Satumban 1955 suka isa Singafo a Maris na 1956, daga nan tafiyar nisa a mota ta zama abin da saurayi zai yi mafarki. A hamadar Tenere kuwa kamfanin Berliet ya ratsa da manyan motoci tara a ƙarshen 1959 da farkon 1960, yana kafa turakun ƙarfe domin na baya su ga hanya.

A ƙasashenmu, kafin Toyota ta karɓe fage, a-kori-kurar Peugeot ce ke cin kasuwa, 404 sannan 504, mai tamfol a baya. Ƙafa biyu ke ja, amma tana da tsayi daga ƙasa, sifirin ɗinta na da haƙuri, kuma da wuya a sami garin da ba bakaniken da ya san cikinta, balle bayan an fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai da yawa kan sayi tsohuwar Peugeot su ratso da ita ta Tamanrasset da In Guezzam da Assamaka zuwa Arlit da Agadas, su sayar su koma gida a jirgi. Shirinsu bai wuce farantin ƙarfe a ƙarƙashin injin don kada dutse ya fasa tukunyar baƙin mai ba, sai safaya biyu da jarkoki da shebur. Da yawa sun isa. Wasu kuma ƙwarangwal ɗin motocinsu ya daɗe yana kwance a rairayin Laouni da ke kan wannan hanya. Tseren Paris-Dakar da Thierry Sabine ya fara ranar 26 ga Disamba, 1978, ya bi ta Agadas, ya kai hotunan Tenere cikin talabijin ɗin Turai, ya jawo 'yan yawon buɗe ido, ya kuma samar wa jagorori irin su Mano Dayak sana'a.

Toyota ta fara Land Cruiser a farkon shekarun 1950, ta fitar da Hilux a 1968, ta ba ta ja da ƙafa huɗu a 1979. A 1984 ta kawo jerin Land Cruiser 70, wanda a-kori-kurarsa, 75 sannan 79 daga 1999, ta zama abin auna sauran. A 1990 aka sa mata injin gas 1HZ mai silinda shida, lita 4.2, ba turbo ba kwamfuta, ba mai gudu ba ne amma yana jure gurɓataccen mai, kuma bakanike a gindin bishiya zai kwance shi ya mayar. Dalilin da ya sa ta ture Land Rover a Afirka da Ostareliya a fili yake: ba ta yawan lalacewa, in ta lalace kuma kayanta na kusa.

Duniya ta farga da abin da wannan mota za ta iya a 1987, lokacin da sojojin Chadi ƙarƙashin Hassan Djamous, da a-kori-kura kusan 400 da Faransa ta ba su, wasu an girka musu makamin fasa tanka na MILAN, suka ƙwace Fada a farkon Janairu da Wadi Dum a watan Maris daga hannun sojan Libiya mai tankoki da jiragen sama. Wannan darasi ne 'yan bindiga suka haddace, daga Somaliya zuwa Darfur zuwa yankin tafkin Chadi, kuma mutanenmu sun ɗanɗana kuɗarsa. Motar da ke kai allurar rigakafi ƙauyen da ba titi, ita ce dai ke kai masa hari. Ba na iya yabon ƙarfinta ba tare da wannan ya faɗo mini a rai ba.

Duk abin da na zayyano labarin isa ne. Batun kwana kuwa, su Bagnold a ƙasa suke shimfiɗa bargo a gindin mota. Jin daɗi daga wasu wurare ya fito. A Amurka, bayan yaƙi, sai aka fara ƙera ɗan ɗaki mai gado da risho da wurin wanke kwano ana zura shi a bayan a-kori-kura. Marubuci John Steinbeck a irin wannan ya zagaya ƙasar a 1960, shi da karensa Charley, motar tana nan a ajiye a garin Salinas. Irin wannan ɗaki na kwalta ne, dogo mai nauyi. Sai a 1972 kamfanin Four Wheel Campers a Colorado ya fito da marar nauyi mai rufin da ake ɗagawa in an yada zango, a sauke in za a tashi. Tantin rufin mota kuma a Italiya aka fara shi a ƙarshen shekarun 1950, amma a kudancin Afirka ya sami gida. Dalilin a bayyane yake ga wanda ya san sansanonin Botswana da ba su da shinge, inda kura da zaki ke ratsa zango da dare, ga kunama da maciji a ƙasa. Tantin da ake buɗewa cikin 'yan mintoci, katifa na ciki, mutum na sama da ƙasa da kusan mita biyu, can ba ado ba ne.

Ostareliya ce ta mayar da abin masana'anta, kuma kusan kowane ƙarfe da ake gani a jikin irin waɗannan motoci akwai wata wahala ta ƙasar da ta haife shi. Kangaru na tsallako titi da magariba, in ya fasa lagireto a wurin da gari mafi kusa ke da nisan yini, zance ya ƙare. Shi ya kawo ƙaton bamban ƙarfe a gaba. Kogunan Cape York da ƙurar hanyoyin tsakiyar ƙasar suka kawo bututun da ke ɗaga hancin injin zuwa kusa da rufi, don ya shaƙi iska mai tsabta kada ya sha ruwa. Gargadar hanya mai kunya-kunya, wadda ke dafa shokozoba har ta mutu, ta kawo sauya sifirin da shokozoba gaba ɗaya. Hanyar Canning, mai tsawon kusan kilomita 1,850 da rijiyoyi 51 da ɗaruruwan tuddan rairayi, ta sa dole a ƙara tankin mai. A 1975 wani saurayi, Tony Brown, ya dawo daga Cape York inda ya ga yadda kariya da bamba ke kakkaryewa, ya fara walda a garejin gidansu a Melbourne. Abin da ya zama kamfanin ARB ke nan. Daga nan aka sami batir na biyu da ke ciyar da ƙaramin firji ba tare da ya kashe na tayar da injin ba, aka sami durowoyi, aka fara cire bodin baya ɗungurungum a sa shimfiɗaɗɗen dandamalin alminiyam da akwati mai ƙofofi a gefe, yadda hannu zai kai ga komai ba sai an sauke lodi ba. Faifan ƙarfen Bagnold ma sun koma na roba mai tauri marar nauyi. A watan Mayun 2000 Amurka ta daina dagula siginar GPS ga farar hula, kuskurensa ya sauko daga kusan mita 100 zuwa 'yan mitoci, a 2001 kuma wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya ta fara aiki. Kamfas na rana ya koma gidan tarihi.

Cikin shekaru ashirin ɗin nan abin ya zama yayi, musamman a Amurka. Can harajin kashi 25 cikin ɗari da aka sa wa ƙananan motocin dakon kaya na waje tun 1964 ya sa sai waɗanda aka ƙera a yankin ke kasuwa, irin su Tacoma da ta maye gurbin Hilux a 1995. An fara baje kolin Overland Expo a 2009, YouTube da Instagram suka hura wutar, annobar korona ta 2020 ta tura jama'a daji da iyalansu. Ina murna da ganin mutane na fita da 'ya'yansu su kwana ƙarƙashin taurari. Abin da ke damuna shi ne an juya wa darasin farko baya. Su Bagnold da kwancewa suka fara; na yau da ɗaurawa yake farawa.

Mu ɗan yi lissafi a ƙiyasce. Hilux mai gida biyu, abin da kamfani ya yarda ta ɗauka na kusa da tan ɗaya, kuma har da direba da fasinja a ciki. Bamban ƙarfe da winci za su ci kilo 90. Rumfar baya da durowoyi, 170 ko fiye. Tanti da kariyarsa, 90. Batir na biyu da firji cike da kaya, 60. Safaya ta biyu, 35. Ruwa lita 100 kilo 100 ne, ba ragi. Jarka huɗu na gas, 85. Mutum biyu da jakunkunansu, 200. An haura 800 ke nan, ba a sa abinci ba, ba jak, ba akwatin sifana, ba tukunyar gas, ba kujeru, ba yara. Wasu motocin ma abin da aka yarje musu bai kai na Hilux ba. Mota in ta kai nan birki ba ya kama ta da wuri, tana nutsewa inda 'yar'uwarta marar lodi za ta wuce, kuma nauyin da ke rufi na jan ta zuwa kifewa in ta bi gefen tudu. A Ostareliya an sha ganin shasin mai gida biyu ya lanƙwashe daidai bayan gida, saboda an jibga lodi a bayan ƙafafun baya aka afka rami da gudu. Har sana'a ta tsiro a can ta ƙarfafa ƙafafun mota a sake mata rajista da ƙarin nauyi, domin wanda ya wuce ƙa'ida zai iya rasa inshora in ya yi hatsari. Mai raƙumi ya san amale ma akwai kayan da in an ɗora masa ba zai miƙe ba; mai mota ne ke mantawa, don ita ba ta yin ƙara.

Wanda ke son ganin wannan ilimi a hannun masu cin abinci da shi, sai ya je Agadas. Direbobin da ke bin Dirku da Segedin da Madama zuwa Libiya, ko masu kai 'yan haƙar zinariya Jado tun da aka gano ta a 2014, kayansu kaɗan ne, kowanne kuma da aikinsa. Jarkokin mai, jarkokin ruwa da aka ɗinke cikin buhu don su yi sanyi, wani lokaci da salka a rataye, safaya, famfon iska, faifan ƙarfe, fanbel da ganyen sifirin na ko-ta-kwana, GPS da Thuraya. Ɗakin kwanansu tabarma da bargo, gilashin kare ƙurarsu rawani, kicin ɗinsu butar shayi da ɗan gawayi. In rana ta take a ɗaura tamfol a jikin mota a fake, in ta yi sanyi a tashi. Ba sa son tafiya mota ɗaya. Da yawansu jikokin madugan ayarin gishiri ne na Fashi da Bilma, sun gaji karanta launin rairayi, su san wanda zai ɗauki taya da wanda zai haɗiye ta.

Amma lissafin nauyi bai bar su ba, kuma a wurinsu da rai ake biya. Hilux ɗin da ta ɗebi mutum ashirin da biyar a baya, ƙafafu na reto, kowa ya rungume sandar da aka kafa masa don kada ya faɗo, ba ta da wurin ruwan da zai ishe su in tafiyar kwana uku ta zama ta bakwai. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwaki 92 arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da yawa daga yankin Kance, bayan motoci biyu da suka ɗauko su sun lalace. Dokar da Nijar ta kafa a 2015 ta hana safarar baƙin haure ta sa an kama direbobi an ƙwace motoci, waɗanda suka ci gaba kuma suka riƙa kauce wa rijiyoyin da jami'an tsaro ke tsare da su, su bi hanyoyin da in mota ta mutu ba mai wucewa. A tsakiyar 2017 mutum 44 suka mutu da ƙishirwa a kan hanyar Dirku. An soke dokar a Nuwamban 2023, ayarin motoci ya dawo fili. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Yanzu maganar da ake yi ta lantarki ce. Rivian ta fito da a-kori-kura mai batir a 2021, Ford ta biyo da F-150 Lightning a 2022. A zango suna da daɗi: wuta a wadace, ba ƙarar injin, ƙarfin ja tun daga tashi. Sai dai Rivian ta haura tan uku tun ba a ɗora mata komai ba. Jarka ɗaya ta gas, kilo 21 har da ƙarfenta, na ɗauke da makamashi kusan kilowat-awa 200. Ko da kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke kai wa ga taya, ya kai rabin abin da babban batirin Lightning mai kilowat-awa 131 ke riƙewa, batirin da nauyinsa ɗaruruwan kilo ne. Faifan solar da zai zauna a rufin mota na iya riƙe firji da fitila, amma abin da zai tara a yini ba zai tura mota fiye da 'yan kilomitoci ba. Shi ya sa kamfanoni irin su BYD suka koma haɗa injin fetur da batir a mota ɗaya. Toyota kuwa a 2023 ta sabunta jerin 70 da injin mai silinda huɗu da giya mai sauya kanta, ta bar masa shasin tsani da ganyen sifirin a baya kamar yadda suke a 1984, kuma masu haƙar ma'adinai da manoman Ostareliya da ƙungiyoyin agaji a Afirka na ci gaba da sayen sa.